Kallo Ma Yana Da Ladabi

A cikin watan Mayu na shekarar 2024, a wani gari da ake kira Homer a jihar Alaska ta ƙasar Amurka, wani dattijo mai shekara 70 ya rataya kyamararsa ya shiga kurmi tare da abokinsa. Abin da ya fitar da shi kuwa shi ne wata dabbar dawa da ake kira mus, wadda ta haifi tagwaye a wurin, yana son ya ɗauki hotonsu tun suna jarirai. Kurmin yana da sarƙaƙiya, ba a hangen nesa a cikinsa. Kafin su ankara sai uwar ta fito musu a guje. Abokin ya tsira, shi kuwa dattijon ta tattake shi, nan take rai ya yi halinsa. Da iyalinsa suka yi magana, sai suka ce mutumin nan masanin daji ne, ya san haɗarin abin da ya fita nema, kuma dabbar ba ta da laifi, 'ya'yanta take karewa, saboda haka kada a kashe ta.

Mai karatu yana iya cewa, to, ina ruwanmu da dabbar da ba mu taɓa gani ba, a ƙasar da ba mu taɓa zuwa ba? Ruwanmu shi ne, a yau babu ɗalibin da ba ya yawo da kyamara a aljihunsa, tunda kowace waya tana ɗaukar hoto. Kayan aikin da a da sai ƙwararru ke riƙewa ya shigo hannun kowa, amma ladabin da ke tafiya da shi bai iso ba tukuna. Mun zaɓi mus ne domin a kanta aka daɗe ana gwada wannan al'amari na kallon namun daji da ɗaukar hotonsu, an ga inda ya yi kyau, an kuma ga inda ya ɓaci. Ra'ayinmu a taƙaice shi ne, mai kyamara ma maharbi ne, kuma bai fi mai bindiga ba sai in ya iya tsayawa nesa, ya yi haƙuri, ya kuma san halin abin da yake kallo.

Kada a ji sunan a zaci mussa muke nufi. Mus dangin barewa ce, kuma a cikin dabbobi masu ƙaho mai rassa babu wadda ta kai ta girma. Tana zaune a ƙasashen sanyi na arewacin duniya, watau Kanada da Alaska da arewacin Amurka, da Suwidin da Nowe da Finlan da Rasha. Babban namiji a Alaska yakan haura kilo 600, nauyin buhun masara shida ke nan, tsayinsa kuwa daga ƙasa zuwa kafaɗa yakan kai mita biyu, daidai da ƙofar ɗakin kwanan ɗalibi. Yana da tozo, da dogon hanci irin na raƙumi, da wata fata mai reto a wuya kamar gemun bunsuru, da dogayen ƙafafu na ratsa dusar ƙanƙara da fadama. Ƙahonsa faffaɗa ne kamar tafin hannu da yatsu a buɗe, kuma abin mamaki shi ne kowace shekara sai ya zubar da shi a lokacin sanyi, sabo ya tsiro cikin 'yan watanni. Mace ba ta da ƙaho. Cimarta ganyaye da rassan itatuwa da tsirran cikin ruwa, har takan nutsa ta tsinko su a ƙasan tafki domin gishirin da ke cikinsu. Idonta ba shi da ƙarfi, amma kunne da hanci ba a cewa komai. Wanda ya gan ta tsaye tana tauna ganye sai ya ɗauka saniyar gida ce, alhali kuwa tana iya gudun fiye da kilomita 50 a awa ɗaya, kuma bugun ƙafarta ta gaba yana iya hallaka kyarkeci, balle mutum.

Wajibi ne mu yi wa kyamara adalci tun da wuri, domin ta yi wa namun daji rana. Akwai wani Ba'amurke, George Shiras, lauya kuma ɗan majalisar ƙasarsu daga 1903 zuwa 1905, wanda ya tashi yana farauta a dazuzzukan jihar Mishigan. A wajejen 1889 ya fara ajiye bindiga yana ɗaukar kyamara. Ya ari dabarar maharban ƙabilar Ojibwa, masu shiga kwalekwale da dare da wuta a gaba su haska dabba a bakin ruwa, irin yadda namu maharban ke ɗaura fitila a goshi. Shi kuwa maimakon harsashi sai ya kunna wata hoda mai walƙiya ya ɗauki hoto. Ya kuma riƙa ɗana kyamara da zare a kan hanyar dabbobi, in dabba ta taɓa zaren ta ɗauki hoton kanta. A watan Yuli na 1906 mujallar National Geographic ta buga hotunansa 74 a fitowa ɗaya, mutanen birni suka ga yadda namun daji ke rayuwa da dare, abin da ba su taɓa gani ba. Har yau akwai wani jinsin mus na duwatsun yammacin Amurka da ake kira da sunansa. Shiras ya nuna cewa mutum yana iya bin sawu, ya yi kwanto, ya ji daɗin da maharbi ke ji, sa'an nan ya koma gida dabbar tana raye, wani ma ya zo gobe ya gani. Wannan ci gaba ne babba, ba mu musa ba.

Amma fa a lura da wani abu. Maharbi yana harbi daga nesa, kuma ya san abin da ya fita nema yana iya juyowa kansa, saboda haka yana tafe da tsoro. Mai ɗaukar hoto da waya kuwa ba ya samun abin da yake so sai ya matsa kusa, kuma yana tafe da zuciya ɗaya, yana ganin tunda ba ya nufin cuta to babu cuta. Ita dabba ba ta san niyya ba, abin da ta sani shi ne wani abu mai ƙafa biyu yana ta kusantar ɗanta. Hukumar kula da namun daji ta Alaska ta sha bayyana cewa mutanen da mus ke ji wa rauni kowace shekara a jihar sun fi waɗanda dabbar beyar ke ji wa, duk da cewa beyar ce ake tsoro. Dalili kuwa a fili yake: ba wanda ke matsawa kusa da abin da yake tsoro, wanda aka raina shi ake matsa wa.

Akwai wani labari da ya kamata ya taɓa mu fiye da kowa, domin a harabar jami'a ya faru. A watan Janairu na 1995, a wata jami'a da ke birnin Ankorej na Alaska, wata mus da ɗanta suka shigo cikin makaranta suna kiwo. Jaridun lokacin sun ba da rahoton cewa ɗalibai sun yi sa'o'i suna tsokanarsu, ana ihu, ana fito, ana jifa da curin ƙanƙara. Can sai ga wani tsoho mai shekara 71, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, ya zo zai shige wani gini. Dabbar da aka riga aka tunzura ta sauke fushinta a kansa, ya mutu. Bayan 'yan kwanaki jami'ai suka harbe ta. Masu tsokana sun koma aji lafiya, tsoho ya rasa ransa, uwa ta rasa nata, ɗanta ya zama maraya a tsakiyar hunturu. Waɗanda suka ɗebo da zafi ke nan, amma bakin wasu ya ƙone.

Ko da ba a zubar da jini ba, akwai ɓarnar da hoto ba ya nunawa. A lokacin sanyinsu, sa'ad da ƙanƙara ta rufe ƙasa, mus tana rayuwa ne da busassun rassa da ɓawon itace da kitsen da ta tara tun ana da ganye, tana ta ramewa har sanyi ya wuce. Duk sa'ad da wani ya tashe ta daga kwance domin ya sami hoto mai motsi, ta ruga cikin dusar ƙanƙara mai zurfi, to ta ƙona wani abu daga guzurin da take lallaɓawa. In mutum ɗaya ne da sauƙi, amma in motoci ashirin suka tsaya a rana ɗaya, kowa da nasa ɗan matsawa, lissafin ya canja. Ga shi kuma dabbar tana cikin wani matsin da ma. Zafi na damunta tun daga wajen digiri 14, watau irin sanyin da mu muke neman rigar sanyi da bargo a cikinsa. Ɗumamar yanayi ta sa lokacin sanyi ya gajarta, kaska ta sami sarari. Wani bincike da aka yi a jihohin Maine da New Hampshire daga 2014 zuwa 2016 ya gano cewa kimanin kashi 70 cikin ɗari na 'ya'yan mus da aka bi diddiginsu sun mutu, kuma akan sami kaska fiye da 40,000 a jikin ɗa guda. Dabbar da ke fama da wannan ba ta da rarar ƙarfin da za ta ɓata wajen guje wa masu kallo.

Har tausayi ma, in babu ilmi, yana kisa. A watan Mayu na 2023, a gandun dajin Yellowstone, wani baƙo ya ga ɗan ɓaunar Amurka yana fama a bakin kogi, ya sa hannu ya tura shi tudu. Garken ya ƙi karɓar ɗan, ya koma bin mutane da motoci, ma'aikata suka rasa yadda za su yi sai suka kashe shi, mutumin kuma aka ci shi tara. Saboda irin wannan ne dokar gandun ta ce kada a kusanci mus ko ɓauna ƙasa da yadi 25, watau kimanin mita 23, beyar da kyarkeci kuwa yadi 100.

Mun san akwai masu ja da mu. Za su ce hotunan nan na kusa su ne ke sa mutane su ƙaunaci namun daji, su biya kuɗin shiga gandu, kuɗin da ake biyan masu gadi da shi, kuma in an hana kowa matsawa, sha'awa za ta mutu, kuɗi ya yanke. Za su ƙara da cewa dattijon Homer ai gwani ne, tsautsayi ne kawai, tsautsayi kuwa ba ya wuce ranarsa. Maganar farko akwai gaskiya a cikinta, domin gani ya kori ji, kuma mu kanmu ta hoto muka san mus. Amma hoton da ya yi kamar an ɗauka a kusa, yawanci daga nesa ƙwararru suke ɗaukarsa da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, bayan sun yi kwana da kwanaki suna jira. Maganar biyu kuwa ai tamu take ƙarfafawa. In wanda ya ƙare rayuwarsa a daji ya iya faɗawa cikin wannan, ina ga ɗan yawon buɗe ido da ya sauko daga mota jiya? Ba mu ɗora wa marigayin laifi ba, ya san abin da ya zaɓa. Abin da muke ƙi shi ne a mai da abin da gwani ya yi da sanin haɗarinsa ya zama wasan kowa da kowa.

Ga shaida cewa sha'awa ba ta mutuwa don an tsaya nesa. Tun daga 2019 gidan talabijin na ƙasar Suwidin, SVT, yake nuna wani shiri kowace shekara idan sanyi ya fara janyewa. Sukan kafa kyamarori a bakin kogin Ångerman a arewacin ƙasar, inda mus ke iyo su ƙetare zuwa makiyayarsu, a kan hanyar da suke bi tun shekaru dubbai. Ma'aikata suna sarrafa kyamarorin daga nesa, ana nunawa kai tsaye dare da rana har wajen mako uku. Sau da yawa awa biyar za ta wuce ba a ga komai ba sai itatuwa da ruwa da tsuntsu, kuma a 2024 dabbobin da aka ga sun ƙetare ba su cika ɗari ba. Duk da haka miliyoyin mutane suna kallo, in guda ta shiga ruwa a yi ta murna kamar an ci ƙwallo. Babu dabbar da aka kora, babu wanda aka tattake. Suwidin kuwa ƙasa ce ta mafarauta, inda ake harbe dubban mus kowace kaka bisa ƙa'ida da lasisi, amma a wurin nan sun yarda dabba ce mai lokaci, mutum ne mai jira.

Shaida ta biyu ta fi kusa da sana'armu ta neman ilmi. A tafkin Superior na Amurka akwai wani tsibiri, Isle Royale, inda mus da kyarketai suke zaune tare. A 1958 wani malami, Durward Allen, ya fara ƙirga su, almajiransa suka gada, aikin ya haura shekara sittin, babu wani bincike irinsa a duniya da ya kai shi daɗewa. Kayan aikinsu ƙaramin jirgin sama ne a lokacin sanyi, da kyamara, da littafin rubutu, da tsintar ƙasusuwan waɗanda suka mutu. Da wannan kallo na nesa suka ga kyarketai sun kai 50 a 1980 sa'an nan suka ragu, suka ga mus sun kai wajen 2,400 a 1995, mugun sanyi da yunwa suka mai da su wajen 500 cikin ɗan lokaci. Suka ga kyarketai sun koma biyu tak a 2016, mus suka sake yawaita har wajen 2,000 suna cinye dajin, abin da ya sa hukuma ta kawo sababbin kyarketai 19 a 2018 da 2019. Da sun tsaya bayan shekara biyar, da sun rubuta abin da shekara ta goma za ta ƙaryata. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, kuma wannan romon ba a samunsa da hoto ɗaya na gaggawa.

Ladabin kallon da muke nufi ba wani boyayyen ilmi ba ne. Mai neman mus yakan fita da asuba ko da almuru, ya nufi bakin fadama ko tafki, ya zauna ta inda iska ba za ta kai warinsa ba, ya yi shiru. Yakan kiyaye lokaci biyu: watannin Mayu da Yuni sa'ad da mata ke da jarirai, da Satumba da Oktoba sa'ad da mazaje ke barbara suna neman faɗa. Ba ya shiga tsakanin uwa da ɗa, ba ya ba da abinci, ba ya zuwa da kare, domin mus tana ɗaukar kare a matsayin kyarkeci. Yana karanta jikin dabbar: in ta daina ci ta kafe shi da ido, ya riga ya matsa da yawa, in ta kwantar da kunnuwa baya, gashin tozonta ya miƙe, tana lasar leɓe, to ta gama gargaɗi, sai ya ruga ya sa itace ko mota a tsakaninsu. Ma'aunin duka ɗaya ne: in zuwanka ya sa dabba ta bar abin da take yi, kai ne ka yi kuskure, ko da hoton ya yi kyau.

To, mu dawo gida mu faɗa wa kanmu gaskiya. Wasu daga cikinmu sun je yawon buɗe ido wani gidan namun daji, muka tarar da zaki yana barci da tsakar rana, kamar yadda kowane zaki yake yi. Nan da nan aka fara ihu, wani ya buga ƙarfen keji da sanda, wani ya jefa ledar ruwa, duk domin ya tashi a ɗauki hoto. Da ya ɗaga kai aka yi shewa, aka ɗauka, aka watsa a intanet. Babu wanda ya hana, har da mai wannan rubutu. Tsakaninmu da ɗaliban Ankorej babu wani bambanci sai ƙarfen da ya raba mu da zakin.

Alhali kuwa muna da abin kallo da duniya ke sha'awa. Ga gandun Yankari a jihar Bauchi, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, da giwayensa da ɓaunayensa. Ga raƙuman dawa na Kure a Jamhuriyar Nijar, kimanin kilomita 60 daga Yamai, waɗanda suka ragu zuwa 49 a 1996, sa'an nan suka haura 600 cikin shekara ashirin da 'yan kai, saboda an hana harbinsu kuma mutanen ƙauyukan suka zama 'yan rakiyar masu kallo. Giwa mai ɗa ba ta fi uwar mus haƙuri ba. Tsofaffin maharbanmu sun san duk ladabin da muka lissafa tun kafin a ƙera kyamara: sun san iska, sun san sawu, sun san lokacin da ba a tunkarar uwa. Mu da muka yi boko ne muka ɗauki kayan aikin zamani muka bar ilminsu a baya.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyar ɗalibai da ƙungiyoyin sassa da abu uku. Na farko, duk tafiyar da za a shirya zuwa gandun daji ko gidan namun daji, a zauna da ɗalibai kafin a hau mota a karanta musu ƙa'idojin wurin, a kuma naɗa wanda zai tsawatar. Na biyu, in za a yi gasar hoto, kada a karɓi hoton da aka samu ta hanyar tsokana ko ba da abinci ko keta iyaka, kuma kowane hoto ya zo da bayanin wuri da lokaci da abin da dabbar take yi, domin ya zama shaida mai amfani. Na uku, a fara tun daga nan harabar makaranta: a buɗe littafi guda, a riƙa rubuta ranar da shamuwa ta fara iso kowace shekara, da itatuwan da jemagu da balbelu ke kwana, a miƙa shi daga aji zuwa aji. Wannan ba ya bukatar jirgin sama ko dogon gilashi. In aka riƙe shi shekara ashirin, waɗanda za su zauna a kujerunmu za su san abin da ya canja a sararin garin nan, da lokacin da ya canja.

Wataƙila yawancinmu ba za mu taɓa tsayawa a bakin wani tafki na Alaska muna jiran mus ta ɗago kai daga ruwa ba. Amma kowannenmu zai tsaya wata rana a gaban wata dabba da waya a hannu, zuciya tana ce masa ƙara taki ɗaya. A wannan lokaci muna roƙo a tuna da tsohon Ankorej, a tsaya inda ake. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.